Baƙin cakulan, alkama da waken suya: Karanta bayan leda bai kamata ya zama aikin uwa ita kaɗai ba

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na shiga wani babban kanti a Kano ɗauke da saƙon yayata. Saƙon ba shi da yawa: cakulan ɗaya tak, baƙi, wanda babu alkama ko sha'ir a cikinsa, babu kuma waken suya. Na 'yarta ne mai shekara tara, wadda likita ya tabbatar tana da cutar siliyak bayan an kwashe kusan shekara biyu ana ɗirka mata maganin taifot da na tsutsar ciki. Daga baya kuma aka gano jikinta ba ya karɓar waken suya; tana cin awara leɓe zai kumbura, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi. Abin da yarinyar ta roƙa bai taka kara ya karya ba: ranar Sallah, idan 'yan uwanta sun baje alawa da cakulan a tsakar gida, ita ma a gan ta da nata a hannu.

Na ɗauka aikin minti biyar ne, sai ga shi na fi awa guda ina juya ledoji. Wani an rubuta bayaninsa da Turkanci, wani da Rashanci, wani kuma da Turanci amma an manna takardar farashi daidai kan layin da ya lissafa kayan haɗi. Wanda na samu a buɗe, rubutun ya yi ƙanƙanta har sai da na ɗauki hotonsa da waya na ƙara masa girma. Da na tambayi yaron kantin ko akwai wanda babu alkama a ciki, sai ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai cakulan ne, ba burodi ba. Duk masu kyau ne, daga waje aka kawo su."

Ban ga laifinsa ba. Ta wata fuskar ma gaskiya ya faɗa, domin cakulan na asali ba shi da haɗi da alkama ko waken suya. Hannun ɗan Adam ne ke shigar da su a masana'anta, kuma hanya ɗaya da mai saye zai sani ita ce rubutun da ke bayan leda. Idan rubutun nan ya ɓata, ko aka rufe shi, ko aka yi shi da harshen da ba mai jin sa a garin, to an mayar da cin cakulan caca ga wasu mutane. A kasuwanninmu kuwa haka abin yake, kuma an bar wa iyaye mata nauyin gaba ɗaya, alhali akwai dokar da ta ɗora shi a kan wasu.

Baƙin cakulan abu uku yake buƙata: niƙaƙƙen koko, man koko da sukari. Koko a nan ba na shan ƙosai ba, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba da Osun nake nufi, da kuma Ghana da Kwaddibuwa, ƙasashe biyun da ke samar da fiye da rabin kokon duniya. Ana fasa kwanson, a tara 'ya'yan su yi tsami na kusan mako guda, a shanya, a gasa, a cire ɓawo, a niƙa. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, shi ya sa idan an niƙa take narkewa ta zama kamar kunun gyaɗa mai kauri. Lambar da ake gani a gaban leda, kashi 70 ko 85 cikin 100, tana nuna yawan abin da ya fito daga koko ne. Sauran galibi sukari ne. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta ce sai abu ya kai kashi 35 cikin 100 na koko kafin a kira shi cakulan kai tsaye, ta kuma yarda a ƙara wasu mayukan itatuwa guda shida da ba za su wuce kashi 5 cikin 100 ba. A cikin shidan nan akwai man kaɗe, wanda matan karkara a Neja da Kwara da arewacin Ghana ke tsintar kaɗanyarsa. Duk waɗannan babu mai cutar da mai gudun alkama ko waken suya.

Matsalar tana farawa ne daga abin da aka ƙara. Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da Turawa ke kira rye. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, burodi ya tashi, alkubus ya yi laushi. Yana shiga cakulan ta ƙofar gaba, idan an cusa biskit ko wefa a ciki, kamar KitKat da kowa ya san da fulawar alkama ake yin cikinsa. Yana kuma shiga ta ƙofar baya da sunan malt, wato tsiron sha'ir da ake tatsar zaƙinsa don ƙamshi, kamar yadda yake a Maltesers. Na ƙofar gaba ba ya ɓoyuwa, ido ma yana ganinsa. Na ƙofar baya shi ne mai haɗari, domin cakulan zai fito baƙi sumul, babu ko ɓurɓushin biskit, amma da sha'ir a ciki.

A nan Najeriya kalmar malt tana da nata tarihin da ke ƙara rikita mai karatu. Tun da gwamnatin soja ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni da dama suka koma tsira dawa, wadda ba ta da gulutin ko kaɗan. Saboda haka malt na cikin gida yana iya zama na dawa, na waje kuma kusan kullum na sha'ir ne. Idan leda ta ce malt kawai ba ta faɗi na wane hatsi ba ne, mai cutar siliyak ba shi da zaɓi illa ya ajiye.

Waken suya kuwa da sunan lesitin yake shiga, kuma shi ne ya fi wahalar kauce wa, domin yana cikin mafi yawan cakulan da ke kan kanta, masu tsada da masu araha. Lesitin wani maiƙo ne da ake cirowa lokacin tace man waken suya. Aikinsa shi ne ya sa narkakken cakulan ya saki jiki ya riƙa gudana a cikin bututu da mazubi, ba tare da an ƙara man koko mai tsada ba. Ɗan kaɗan ake sawa, bai cika wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba, amma yana rage wa kamfani kuɗi sosai. Lambarsa a jikin leda E322. Ana iya samunsa daga 'ya'yan sanfulawa ko ƙwai, kuma wasu kamfanonin sun koma na sanfulawa don kawai su tsere wa matsalar waken suya, wasu ma ba sa sa shi sam, sai su ƙara man koko. Likitocin alaji da dama suna cewa yawancin masu alajin waken suya ba sa samun matsala da lesitin, saboda furotin ɗin da ke tayar da ciwon kaɗan ne ya rage a cikinsa. Sai dai wannan hukunci ne na likitan da ya san mara lafiyar, ba na mai kanti ko ɗan jarida ba, kuma likitan ma ba zai iya yanke shi ba idan leda ba ta faɗi abin da ke ciki ba.

Ya kamata a bambance cututtukan biyu, don mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Alajin waken suya yakan bayyana nan take ko cikin 'yan awanni: borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai, wani lokaci toshewar numfashi da ke iya kisa idan ba a yi allurar adirenalin da gaggawa ba. Siliyak kuma a hankali take ɓarna. Idan mai ita ya ci gulutin, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta afka wa ƙaramin hanjinsa, ta cinye 'yan ƙananan tsirai masu kama da gashin tawul da ke tsotse amfanin abinci. Sai ka ga yaro yana ci amma ba ya girma, ciki a kumbure, gudawa ba ta yankewa, jini kullum a ƙasa. Babu ƙwaya, babu allura. Maganinta ɗaya ne, barin gulutin har abada. Kuma ko da mutum bai ji komai ba bayan ya ci ɗan kaɗan, hanjin yana ji. Shi waken suya a karan kansa ba shi da gulutin, saboda haka ba kowane mai siliyak ne ke gudunsa ba. Waɗanda suka haɗa biyun, irin 'yar yayata, su ne ƙofa ta fi yi wa ƙunci.

Ko an samu ledar da ta lissafa abu uku kacal, da sauran rina a kaba. Injin da ya zuba baƙin cakulan da safe, wataƙila shi ya zuba mai madara da biskit jiya da dare. Masana'antar cakulan ba ta son ruwa, domin ɗigo kaɗan yana sa narkakken cakulan ya dunƙule, danshi kuma yana gayyato ƙwayoyin cuta. Don haka ba a cika wanke bututun da ruwa ba, akan kora shi ne da wani cakulan ko mai, kuma ba lallai ne hakan ya kwashe komai ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada wannan a kan madara, ta fitar da sakamako a 2015. Ta ɗauki baƙin cakulan 94. Guda shida ne kaɗai suka rubuta madara a cikin kayan haɗi, amma a cikin sauran 88, an samu madara a 51. Binciken a kan madara aka yi shi, sai dai hanyar da madarar ta bi ta shiga, ita ce fulawa da waken suya ke bi.

Dalilin ke nan da ake ganin ɗan layin nan a ƙarshen bayani mai cewa may contain, wato mai yiwuwa akwai ɓurɓushin kaza da kaza. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Amurka da Turai ma wannan layi na ganin dama ne. Wani kamfanin yana rubutawa don da gaske akwai haɗari, wani don kare kansa daga shari'a, wani kuma ba ya rubutawa ko da haɗarin yana nan. Rashin layin ba shaida ba ce ta tsarki. Abin da ke da ma'auni a doka shi ne kalmar gluten-free. Hukumar Codex, wadda hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ta tsayar a 2008 cewa ba za a kira abinci haka ba sai gulutin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Amurka ta ɗauki wannan ma'auni a dokarta ta 2013, Tarayyar Turai ma shi take bi. A kayan Turai akan ga alamar zangarniyar alkama da aka ja wa layi a tsakiya, wadda ƙungiyoyin masu siliyak ke ba da izinin amfani da ita bayan an yi gwaji. Amma wannan alama ba ta cewa komai game da waken suya. Haka tambarin halal, haka na masu gudun nama da madara; kowanne tambayarsa yake amsawa, ba ya amsa ta wani.

Dokokin ƙasashen ma ba su zo ɗaya ba, kuma mu da muke cin kayan ko'ina ya kamata mu san haka. A Tarayyar Turai, tun Disambar 2014, akwai abubuwa 14 da dole a fito da sunansu ɓaro-ɓaro a cikin jerin kayan haɗi, galibi da baƙin rubutu mai kauri, kuma alkama da sha'ir da waken suya duk suna ciki. Dokar Amurka ta 2004 ta lissafa abubuwa takwas, aka ƙara riɗi ya zama na tara a 2023. Akwai alkama da waken suya a jerin, amma babu sha'ir. Ke nan cakulan ɗin Amurka zai iya zuwa babu gargaɗin komai a kan gulutin, alhali da tsiron sha'ir a cikinsa, kuma bai karya dokar ƙasarsu ba.

Waɗannan dokoki ba haka kawai suka faɗo ba, wasu rayuka aka rasa kafin a yi su. A Birtaniya wata yarinya 'yar shekara 15 mai alajin riɗi ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgin sama, wanda babu bayanin riɗi a jikin ledarsa. Iyayenta suka tsaya kai da fata har aka yi dokar da ake kira Dokar Natasha, wadda ta fara aiki a Oktoban 2021, ta tilasta wa masu naɗe abinci a shagunansu su rubuta duk abin da ke ciki.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, domin an faɗa mini a fuska: mutane suna neman na tuwo, kai kana maganar cakulan, kuma ai wannan ciwon Turawa ne. Kashi na farko na maganar yana da nauyi, zan dawo kansa. Na biyun kuwa ba gaskiya ba ne. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da siliyak, kuma ɗaya daga cikin alƙaluma mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka aka same shi. A 1999 wani likitan yara ɗan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, suka samu cutar a jikin kashi 5.6 cikin 100. Mutane ne da fulawar alkama ta zama babban abincinsu. Tun farko ma ta hanyar yunwa aka tabbatar da tushen cutar: likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da wannan ciwo sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo.

Mu dubi kwanonmu. Kakanninmu da dawa da gero da masara da acca da shinkafa suka rayu, babu gulutin a ko ɗaya. Alkama ta alkaki da funkasau da taliyar biki ce, ba ta kullum ba. Yau yaron birni da burodi yake karyawa, ya ci taliyar leda da rana, a tuƙa masa semo da dare, a tsakani ga cincin da biskit da gurasa. Waken suya ma haka: awara a kowace kusurwa, madararsa a kunun yara, daddawarsa a miya, har da wasu dunƙulen ɗanɗanon girki. Wanda Allah Ya halitta da wannan lalura a cikinmu, da can zai iya rayuwa bai sani ba. Yanzu kullum sai ya haɗu da abin da ke cutar da shi. Kuma alamominta sun yi kama da na tamowa da tsutsar ciki da taifot, shi ya sa ake daɗewa ana maganin abin da babu. Wanda yake zargin yana da ita, kada ya bar alkama kafin a gwada shi, domin gwajin jinin da ake yi, da ɗan abin da ake ɗebowa daga hanji don tabbatarwa, suna iya fitowa lafiya lau idan an riga an daina ci.

Batun tuwo kuwa, gaskiya ne cakulan ba abincin dole ba ne. Na ɗauke shi ne don shi ne misali mafi sauƙi: abu ne da asalinsa babu abin gudu a ciki, amma ya gagari mai lalura saboda sakacin rubutu. Idan ba a iya gyara bayanin abu mai kayan haɗi uku ba, ina ga biskit da madarar gari da abincin jarirai da kayan ɗanɗano, waɗanda talaka ke saye kullum? Kuma duk wanda ya taɓa ganin yaro a wurin suna ko walimar sauka, an raba wa kowa jakar alawa shi an ce kada ya taɓa, ya san ba kwaɗayi kaɗai ake magana a kai ba. Yaron da aka hana komai, wata rana zai ci a ɓoye.

Ban da haka, akwai masu barin alkama don yayi, suna ganin ita ce hanyar rage ƙiba. Ba ni da ja da su, kowa da cikinsa. Sai dai yayin ya yi wa masu ciwon gaske illa ta wani ɓangaren, domin ya sa masu sayarwa suna ɗaukar tambayar a matsayin iyayi na 'yan boko, su amsa da "babu komai a ciki" ba tare da sun duba ba.

Doka kuwa muna da ita. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙa'idojin rubutun jikin abincin da aka naɗe, waɗanda aka sabunta a 2022. Sun wajabta a lissafa kayan haɗi, a bayyana abubuwan da aka san suna tayar da alaji, a kuma yi rubutun da Turanci ko da an haɗa da wani harshe. Wanda ya zaga kantunan Kano da Kaduna da Abuja, ko ya leƙa Kasuwar Singa inda ake sarin alawa da biskit, zai ga tazarar da ke tsakanin takarda da kanta. Kaya ne daga Turkiyya da Dubai da Sin da gabashin Turai, wasu da lambar rajista, wasu sun shigo a akwatin matafiya. Daga nan mai tebur zai sari kwali, ya juye a roba, ya jefar da kwalin da ke ɗauke da bayanin, ya riƙa sayar da ɗai-ɗai. Ga kuma tsarabar Hajji da Umara, ga masu yin kek da cakulan a gida suna tallatawa a Instagram da WhatsApp, cikin kwali mai kyau da zare, babu ko layi ɗaya na abin da aka zuba.

Cakulan ɗin Dubai da ya yi tashe a TikTok tun ƙarshen 2023 misali ne mai kyau. Abin da ke sa shi ƙaras-ƙaras a baki kunafa ce, wato siraran zaren kwaɓin fulawar alkama, haɗe da fistashiyo da niƙaƙƙen riɗi. Ko da an lulluɓe shi da baƙin cakulan, guba ne ga mai siliyak. A Yunin 2025 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta gargaɗi masu alaji game da wasu nau'o'insa da ake shigowa da su ba tare da cikakken bayani ba. Idan a can, da duk tsaurinsu, ya ratsa, ba sai an faɗa mana halin da muke ciki ba.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin zafi shi ne tsadar koko. Farashin tan ɗaya, wanda ya daɗe yana yawo tsakanin dala 2,000 da 3,000, ya haura 10,000 a Maris na 2024, ya wuce 12,000 a Disambar shekarar, saboda rashin kyawun yanayi da cututtukan bishiya a Ghana da Kwaddibuwa. Idan koko ya yi tsada, kamfanoni kan taɓa haɗinsu: a rage man koko, a ƙara wani mai, a ƙara cike-ciken biskit. A Birtaniya, a 2025, biskit ɗin Penguin da Club na kamfanin McVitie's sun daina kiran abin da aka lulluɓe su da shi cakulan, suka koma cewa mai ɗanɗanon cakulan. Suna ɗaya, leda kusan iri ɗaya, ciki ya canza. Haka kuma kamfani ɗaya yana iya yin haɗi daban don kasuwar Turai, daban don ta Amurka ko Gabas ta Tsakiya. Jerin sunayen "amintattun cakulan" da ake turawa a waya ba abin dogaro ba ne. Ledar da ke hannunka a yau ita ce hujja.

Kafin hukuma ta farka, mai saye ya riƙe 'yan kalmomi. A Turanci ya nemi wheat da barley da rye da malt, sai soy ko soya da lecithin. A Faransanci, wanda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka fi cin karo da shi, alkama blé ce, sha'ir orge, waken suya soja. A Turkanci buğday da arpa da soya. Kayan ƙasashen Larabawa ma sun fi mana sauƙi, domin duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya zai iya haɗa baƙaƙen ƙamh da sha'ir da soya. Gajeren jeri ya fi dogo aminci, cakulan maras ciko ya fi mai ciko, kuma abin da ba a iya karantawa ba, a bar shi a kanta komai kyawun ledarsa.

Amma ba daidai ba ne a ce uwa sai ta koyi harsuna huɗu kafin ta saya wa ɗiyarta abin Sallah. Mai shigo da kaya shi ya ci riba, shi ya kamata ya manna fassarar kayan haɗi a kan kowace leda kafin ta bar rumbunsa, kamar yadda ake yi a ƙasashen da muke sarowa daga wurinsu. NAFDAC ta riƙa duba wannan layin da irin idon da take duba ranar lalacewa, a tashar jiragen ruwa da kan iyaka da cikin kantuna, ta kuma janye abin da bai cika ƙa'ida ba. Manyan kantuna su hana ma'aikatansu manna farashi a kan bayani, abin da ba zai ci su ko sisi ba. Mai tebur ya ajiye kwalin a gefe. Masu yin kek a gida su rubuta abin da suka zuba, ko da da biro ne. Mutanenmu ba su ƙi karatun leda ba: a zamanin Dora Akunyili aka koya musu neman lambar NAFDAC, har tsohuwa a ƙauye ta san ta tambaya, kuma sun iya duba tambarin halal ba tare da an tilasta musu ba. Gidajen rediyon da suka yi wancan aikin za su iya yin wannan da Hausa.

Akwai kuma kasuwa a nan ga ƙananan masu sarrafa koko na cikin gida da suka fara fitowa a Legas da Ibadan da Accra. Ƙaramar masana'antar da ba ta taɓa shigar da fulawa ko waken suya ɗakinta ba tana da abin da manyan kamfanonin duniya ke shan wahalar samu, wato inji mai tsabta daga tushe. Abin da ya rage mata shi ne ta kai kayanta gwaji, ta rubuta sakamakon a fili, ta kawo shi Arewa.

A kanti na uku na samu abin da aka aike ni: niƙaƙƙen koko, sukari, man koko, da alamar zangarniyar da aka ja wa layi, gargaɗinsa kuma a kan madara da 'ya'yan itatuwa ne kawai. Kokon Ghana ne, an sarrafa shi a Turai, kuɗinsa ya isa cefanen kwana biyu. Na tura wa yayata hoton bayan ledar, ta karanta sau biyu kafin ta ce in saya. Ta yanka shi gida goma, tana ba yarinyar ɗaya kullum. Da babbar Sallah ta matso, yarinyar ta kira ni da kanta ta ce, "Kawu, irin na rannan." Na koma kantin, na same shi a inda yake, suna ɗaya, launi ɗaya. Har na nufi wurin biya sai na juya bayansa. An ƙara layi ɗaya a jerin: lesitin na waken suya.